Yadda na kai littafi na uku Yangoji

Shekarun baya, kafin waya ta kwashe idon mutane, ina da teburin littattafai a bakin tashar Nyanya. Kada wani ya ɗauka shago ne. Tebur ne da lema da benci guda, sai leda da nake rufawa in hadari ya taso. Ina sayarwa, amma hayar littattafan ce ta fi riƙe ni. Kuma gaskiyar magana, gosulo, wato cunkoson motoci, shi ne ya ciyar da ni. Ma'aikaci zai fito da safe ya san sai ya tsufa a mota kafin ya shiga gari, sai ya biyo ta wajena ya ɗauki littafi. Da yamma in ya sauko ya dawo min da shi.

Ni kuwa mai teburin, a aji uku na firamare na tsaya. Ina iya haɗa baƙi in karanta sunan littafi ko abin da aka rubuta a jikin mota, amma ka ba ni shafi cike sai kaina ya ɗau ciwo. To yaya mutum zai tallata abin da bai san cikinsa ba? Dabarar da na yi ita ce, duk wanda ya dawo da littafi, ba zai ɗauki wani ba sai ya gaya min yadda ya gan shi. Abin da ya faɗa shi zan faɗa wa na gaba, in gyara murya kamar ni na karanta. Da bakin mutane na yi sana'ar nan tun daga farko.

Kuma na ji baki iri-iri. Akwai wata nas da duk littafin soyayyar da ta dawo da shi sai ta ce ƙarya ce zalla, ita ba ta taɓa ganin namijin da ke magana haka ba, nata mijin in ya shigo gida ina abinci kawai ya sani. Tana gama zagin sai ta ɗauki wani. Akwai wani makanike da ya maƙale wa littafin gyaran janareta har bangon ya yi baƙi. Ya ce shi kaɗai ne littafin da bai taɓa yi masa ƙarya ba, illarsa ɗaya, wanda ya rubuta bai taɓa haɗuwa da injin da ya sha gurɓataccen mai ba. Wani malamin firamare ɗan Gbagyi kuma ya dawo min da littafin tatsuniyoyi ransa a ɓace, wai an cire waƙoƙin an bar masa ƙashi, kakarsa da ba ta san biro ba ta fi marubucin.

Amma wanda na fi dogara da bakinsa shi ne abokina masinja. Kirista ne mutumin Filato, ya girme ni sosai, yana kai takardu a wata ma'aikata cikin gari. Ina ce masa Baba, shi kuma saboda tsokana yake ce min Furofesa. Hausarsa irin tasu ce, mace da namiji duk “ya” ne. Babu abin da ba ya karantawa. Har littafin kiwon kifi ya karanta, alhali ko bokitin kirki ba shi da shi a ɗakin hayarsa. Hukuncinsa gajere ne. In littafi bai yi ba zai ajiye ya ce in ba maƙiyina. In ya yi kuwa zai ce ya kai shi har gangaren Kugbo, can a hanyar shiga gari, bai ɗaga kai ba. Sannan ya zauna a bencina kafin ya wuce gida, ya ba ni labarin da ke ciki, yana canza murya, yana yin ta tsohuwa yana yin ta ɓarawo, masu jiran mota suna dariya.

Wata rana wani littafi ya zo min cikin kwali, na ɗaya da na biyu. Kun san yadda littattafanmu na Hausa suke, a raba labari kashi-kashi, a tsaya maka a inda ranka ya fi so. Labarin wasu 'yan'uwa ne biyu masunta. Ambaliya ta tafi da ƙanin cikin kwalekwale, kowa ya ce ya mutu, yayan ya ƙi yarda, ya sayar da komarsa ta kamun kifi ya bi kogi gari-gari yana nemansa. Baba ya riƙa ba ni shi kaɗan-kaɗan duk yamma. Ban taɓa jin labari ya kama ni haka ba. Har ciniki na sha ɓatawa, mutum na tambayata kuɗin littafi ina ce masa ya dakata.

Na biyun ya ƙare a daidai inda yayan ya isa wani gari, wata mai sayar da kifi ta ce masa akwai baƙo a hayi mai irin tabonsa a goshi. Shi ke nan. Sai a littafi na uku.

Babu inda ban aika ba. Direbobin Kano, na Kaduna, na Zariya, duk na ba su sallahu. Wani ya dawo ya ce an daina bugawa, wani ya ce marubucin ma bai rubuta ba, wani ya kawo min na ukun wani littafi dabam ya ce ai duk labari ne. Abin ya zama gaisuwarmu da Baba. Yana saukowa daga mota, kafin ya tambayi iyali sai ya ce Furofesa, an ga ƙanin? In ce ana nema.

Muna cikin haka ritayarsa ta zo. Hayar Nyanya ba ta mai fansho ba ce. Dama ya taɓa sayen ɗan fili a Yangoji, can gaba da Kwali, sai ya ce zai koma ya noma doya. Ranar da zai tafi ya zo ya zauna a bencin, bai ɗauki komai ba. Ya ce in na samu na ukun kada in yarda kowa ya ba ni labarin, mutanen nan ba su iya ba da labari ba, za su ɓata min. Na ce to. Ya hau motar da ta ɗauko kayansa, ni kuma na koma ina jera littattafan da dama a jere suke.

Bayan tafiyarsa teburin ya yi min faɗi. Masu karatu suna nan, suna faɗin ra'ayinsu, amma a tsaye, ido na kan mota. Na ɗaya da na biyun ma na ɗauke su daga tebur, don duk wanda ya karanta sai ya dawo ya yi min faɗa kamar ni na ɓoye ƙarshen.

An daɗe, har na fitar da rai, sai ga wata mata daga Dutse Alhaji da buhun littattafai, za su tashi daga gida tana neman mai saye. Ina zazzagewa, tsakanin littafin lissafi da na koyon ɗinki, sai ga shi. Bangon baya ya cire, an ɗiga masa manja a gefe, amma na duba shafin ƙarshe na ga kalmar Alhamdulillahi, na san cikakke ne. Nas ɗin nan tana wajen, ta ce in ba ta, gobe da yamma zan ji komai. Na ce a'a, yana da mai shi.

Ranar Lahadi na rufe tebur na hau mota zuwa Gwagwalada, na sake wata zuwa Yangoji. Da tambaya na gano gidan. Matarsa, da nake ce wa Mama, ita ta nuna min shi a gindin bishiyar kashu, sun dawo daga coci ke nan. Na yi sallama. Bai gane ni ba sai da na sake magana. Na matso na ga wata yana ta lulluɓe masa idanu, fari fat kamar an ɗiga nono.

Na sa masa littafin a hannu. Ya shafa shi, ya juya, ya kai hanci ya shinshina. Ya kawo shi dab da fuska, ya matsar, ya sa tabarau ya cire.

Ya ce, “Furofesa, ka makara. Ido ma ya yi ritaya.”

Na tambayi ko akwai mai karanta mana. Yaransa duk suna gari. Mama ta ce ita kam littafinta na coci ma da ƙyar, kuma ba za ta bar daka ta zauna karanta ƙaryar masunta ba. Na ji kamar na yi tafiyar banza, na ɗauko abinci na kawo inda babu mai baki.

Sai ya miƙo min littafin. “To kai fa? Ba ka yi aji uku ba? Buɗe.”

Jama'a, na sha wahala a rayuwa, na yi dako, na yi turin baro, amma ban taɓa gumi irin na ranar ba. Yatsa a ƙarƙashin kalma, ina jan ta kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. In na kai ƙarshen layi na manta farkonsa. Shi kuwa ya jingina ya rufe ido, da na yi tuntuɓe sai ya ce in koma baya, babu ɗan Adam da ke magana haka. In koma, in ga ashe na tsallake layi. Mama tana daga wajen turmi tana dariya, tana cewa yau ta ga furofesan da ake koya wa karatu. Kafin la'asar 'yan shafuka kaɗan muka ci, yayan ko hayin bai ƙetare ba.

Da zan tafi na kai hannu zan ɗauki littafin, ya danne shi a cinya. Ya ce a nan zai kwana, ya san halina, zan je in ba nas.

Haka na riƙa zuwa duk Lahadin da na samu hali, tun ana rani har ruwa ya sauka. Mama ta daina dariya ta fara matso da turminta kusa. Bakina ya ɗan saki. Wata rana na karanta shafi guda bai tsayar da ni ba, sai da na ɗaga kai na duba ko barci ya yi. Ya ce in ci gaba, Mama ya dafa doya, ba za a ba ni ba sai an ga ƙanin.

An gan shi. Yayan ya same shi da rai, da mata da 'ya'ya, yana jin yaren mutanen wajen fiye da nasu. Suka rungume juna suka yi kuka. Amma da yayan ya ce su tafi gida, ƙanin ya ce ba zai iya ba. Ya raka shi bakin ruwa, ya cika masa kwalekwale da busasshen kifi, yayan ya juya shi kaɗai. A nan littafin ya ƙare.

Baba ya buga sandarsa a ƙasa ya ce ƙarshen banza. Mutum ya sayar da komarsa, ya bi ruwa shekara da shekaru, sannan a sallame shi da kifi? Ya ce da ya san haka ne da bai sa na wahala ba, in kai shi in ba maƙiyina.

Na saba in ya yanke hukunci in ce haka ne. Ranar sai na ji bakina ya ƙi. Na ce ni dai ya yi min. Na ce ni ma ina da yaya a garinmu, duk Sallah saƙonsa ɗaya ne, yaushe zan tattara in dawo. Ina son sa, ina mafarkin gidanmu, amma in na je kwana kaɗan sai in ji ni baƙo ne, 'ya'yana ko hanyar rijiya ba su sani ba. Na ce wanda ya rubuta littafin nan ya san irinmu, bai yi ƙarya don ya faranta wa kowa ba.

Ya juyo da fararen idanunsa wajena. Sannan ya ce, “Kai, ashe kana da baki. Shekara nawa kana cin abinci da nawa bakin?”

Muka yi ta musu har rana ta yi sanyi. Bai sauka ba, ban sauka ba. Mama ta raba mu da cewa ita duk ba ruwanta da 'yan'uwan, matar ƙanin take tausayi, da aka zo za a ɗauke mata miji ba wanda ya tambaye ta. Na koma Nyanya ranar ina jin wani irin nauyi da daɗi a haɗe, na rasa sunansa.

Ba a jima ba 'yarsa ta zo ta tafi da su Jos don a yi masa aikin ido, kuma ba su dawo ba. Muna waya jefi-jefi, amma kunnensa ya yi nauyi, gaisuwa ce kawai da ihu. Teburina yana nan, sai dai caja da bangon waya nake sayarwa yanzu. Gosulo bai ragu ba. Ina kallon mutane ta tagar mota kowa ya sunkuya yana karatu a waya, wataƙila ma sun fi mutanen da yawan karatu, amma babu mai saukowa ya gaya wa wani abin da ya gani.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na yi shekaru ina sayar da ra'ayin mutane, sai da na sha wahalar littafi da kaina na samu nawa, guda ɗaya tak, kuma har yau ina riƙe da shi. Na gwada karanta wasu bayan nan, ina iyawa a hankali. Sai dai in na kai ƙarshe na rufe, in duba dama da hagu, babu wanda zai ce min ban fahimta ba. Yawanci a nan nake ajiye shi in tashi in kama harkar gabana.