Izu Biyun da Yaya Nu'uman Bai Rubuta Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana Malam Nu'uman, mai rubuta Alƙur'ani da hannu a garin Zakka.

Yaya, ajali na Allah ne, ban ja da wannan ba. Amma idonka mutane ne suka kashe shi, kuma yau sai na faɗa.

Kai ka koya mini riƙe alƙalami, kana tsokanata wai bakina ya fi hannuna sauri. Duk yaron da ya yi sauka a unguwarmu kai ka zana masa allo. Burinka ɗaya, ka kammala Alƙur'anin da kake rubuta wa masallacinmu. Saura izu biyu, sai cutar yanar ido ta rufe idonka na dama, na hagu kuwa tun yarinta ba ya gani.

Wani attajiri ya ɗauki nauyin aikin ido kyauta a Safana, aka cire yanar, ka dawo kana murna. Ba a jima ba idon ya yi ja, yana zubar da hawaye, ba ka iya kallon haske. Na ce a koma wurin likita. Kawu Mahmudu ya ce, "Safiyyatu, mutum ya yi mana alheri, mu koma da ƙorafi? So kike a ce ba mu da godiya?" Aka sayo maganin ɗigawa a kemis, jan ya ragu, aka yi mini dariya.

Sai da gani ya dushe aka kai ka Katsina. Likita ta ɗiga rini a idon, ta haska shuɗiyar fitila, ta ga gyambo mai rassa. Ta ce ƙwayar bairos ce, irin mai fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, aikin ne ya tashe ta. Tana jin magani idan an zo da wuri, maganin kemis kuwa ƙarfi ya ƙara mata. Attajirin bai ma san sunanka ba, Yaya. Kunyarsa aka ji, kai ka makance.

A zaman makoki na ji Kawu yana yabon haƙurinka. Tashi na yi na bar wurin.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Marwa da 'ya'yanka Mubina da Nurain, Allah Ya ba su juriya. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya rubuta maka ladan izu biyun da aka hana ka rubutawa. Amin.