Iskar da Na Ƙara wa Tayoyin Alhaji

Har gobe ban manta ranar da na kafe mota a hamadar Kalahari ba, zakuna na kwance a gefenmu, maigidana da matarsa suna kujerar baya. Ku sababbin direbobi da kuke cewa Baba Fuseini ya cika takura, ku saurara ku ji inda takurar ta samo asali.

Ni haifaffen Maamobi ne, a Accra. Da trotro na fara, wato bas ɗin haya, tsakanin unguwar Nima da unguwar Malam, kafin na zama direban Alhaji Mumuni, mai sayar da kayan gini a Kotobabi. Alhaji mutum ne mai son kallon namun daji a talabijin, har Hajiya Ramatu tana yi masa tsiya wai ya fi sanin zakuna a kan surukansa. Wata shekara bayan babbar Sallah 'ya'yansa suka shirya masa tafiya ya je ya gani da idonsa. Irin tafiyar nan ce da ba a haɗa ka da ɗan jagora. Mota ake ba ka haya, a miƙa maka taswira, ka shiga daji da kanka. Idon Alhaji ya yi rauni, shi ya sa aka tafi da ni.

A ƙofar gandun dajin wata jami'a ta karanta mana doka. Ba a fita daga mota sai a wuraren da aka keɓe. Kafin ka fita da safe ka rubuta hanyar da za ka bi a ofis, ka kuma dawo kafin faɗuwar rana. Waya ba ta aiki a ciki. Daga nan na tafi kai kaya masauki. Ashe a bayana ta sa an rage wa tayoyin iska, ta yi wa Alhaji bayani, shi kuma bai ga dalilin faɗa wa direban da ya fi shekara ashirin a kan sitiyari ba.

Washegari bayan asuba na zagaya mota kamar yadda na saba. Na duba mai, na duba ruwa, na buga taya da ƙafa. Sai na ji ta yi laushi. Na buga ta biyu, haka. Duka huɗun sun kwanta. Kun san mu a Accra, direba ya fito da taya a kwance ai ya zama abin dariya a tasha. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata masu hayar nan sun raina mu. Akwai famfon iska a bayan motar, na ɗauko na cika su tam. Ban gaya wa kowa ba, don an koya mana direban kirki ba ya damun maigida da ƙananan abubuwa. Har daɗi na ji.

Da farko tafiya ta yi kyau. Mun ga jiminu, mun ga bareyi, da wasu manyan dabbobi masu dogayen ƙahoni miƙaƙƙu. Alhaji sai hamdala yake yi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka bar babbar hanya muka shiga wadda ta ratsa tuddan jan yashi. A tudu na uku mota ta fara nishi. Na sa mata giyar ƙarfi, na taka. Maimakon ta hau sai ta nutse. Na koma baya, ta ƙara nutsewa, har cikinta ya zauna a yashi.

Hannuna ya kai kan ƙofa ban ma sani ba, don a garinmu mota ta tsaya fita ake yi. Alhaji ya damƙo kafaɗata daga baya.

"Fuseini, kar ka buɗe!"

Hajiya ta nuna da yatsa. "Ei, Alhaji, duba gindin itace can. Wannan ba dutse ba ne, yana motsi."

Zakanya uku ne da namiji ɗaya mai baƙar geza, a inuwar wata ƙaya, tazarar da ba ta fi daga nan zuwa masallacin layinmu ba.

Alhaji ya ce, "Abin mamaki. Matar nan ya ce in an rage iska, taya yana shimfiɗa a kan yashi, mota ba zai kafe ba."

Nan take na gane abin da na yi. Na so in yi shiru, wallahi na so, amma na ce, "Alhaji, ni ne. Na cika su da safe."

Ya kau da kai ya kalli taga. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Maganin abin ba shi da wuya: ka fita, ka tsuguna, ka sace iska a kowace taya. Aikin minti goma. Amma wa zai tsuguna? Rana ta take, motar ta zama kamar tanda. Ina kunna na'urar sanyaya mota na ɗan lokaci in kashe, ina tsoron inji ya ɗau zafi. Hajiya tana da hawan jini, na ga fuskarta ta canza a madubi, tana jiƙa mayafi da ruwan sha tana dannawa a goshi. Azahar ta yi, muka yi sallah a zaune.

Can sai zakanya ɗaya ta miƙe ta nufo mu. Ta shinshina tayar baya, ta kwanta a inuwar motar, daidai tagar Hajiya. Muna jin numfashinta. A nan ne Hajiya ta ce a hankali, "Alhaji, in na taɓa yi maka laifi ka yafe mini." Ta ɗago kai ta ce, "Fuseini, kai ma ka yafe." Ni da na jefa ta a wannan hali, ni take roƙa. Hawaye suka zubo mini.

Sai bayan la'asar motar masu gadin gandu ta ɓullo. Wasu baƙi ne suka hango mu daga wani tudu suka kai rahoto, aka duba hanyar da muka rubuta. Ƙarar motarsu ta sa zakunan suka tashi suka haura tudu ba gaggawa. Babban masu gadin ya tsaya da bindiga, ya miƙo mini ma'aunin iska, ya ce da Turanci tunda ni na cika, ni zan rage. Na tsuguna, ina jin kamar ana kallon ƙeyata. Muka kwashe yashin ƙarƙashi da shebur, na tayar, mota ta hau tudun kamar a kan kwalta.

Alhaji bai kore ni ba. A masauki, bayan Hajiya ta sha magani ta kwanta, ya ce, "Ni ma da laifina, ban faɗa maka ba. Amma kai ma ba ka tambaya ba."

Abin da na koya ke nan. A aikinmu muna tsoron malalacin direba, amma ranar nan ba lalaci ne ya kusa halaka mu ba, ƙwazona ne. Abin da ka sani, a kan hanyar da ka koye shi yake aiki. In ka je baƙon wuri ka ga abu ba yadda ka saba ba, tambayi dalili kafin ka gyara, kuma duk abin da ka taɓa a mota ka faɗa. Mutanen da ke kujerar baya sun ba ka ransu ne, ba su san abin da hannunka ya yi da asuba ba.