Hajja Huseina Hamajoɗa, Malamar Bin Sawu (1952–2019)

An haifi Hajja Huseina a unguwar Wuro Hausa cikin Yola a shekarar 1952. Mahaifinta Malam Hamajoɗa dillalin shanu ne, mahaifiyarta kuwa Gogo Hansai.

Karatu

Da Fulatanci ta tashi. Hausa a kasuwar Jimeta ta tsince ta, tana biye da mahaifiyarta, tana duban hannun mai ciniki da fuskarsa har ta gane nufinsa. Ta shiga firamare a 1959, ta kammala kwalejin horon malamai mata a Maiduguri a 1971.

Aure da Iyali

A 1973 aka ɗaura mata aure da Malam Bakari Jingi, ma'aikacin asibitin dabbobi. Allah ya ba su ɗan fari, Abdulhakeem, a 1975, kuma bisa kunyar Fulani ba ta kiran sunansa, Hamma take ce masa, wato Yaya da Fulatanci.

Aiki

Ta fara koyar da Turanci a wata sakandaren je-ka-ka-dawo a Jimeta a 1980, inda aji ɗaya kan tara masu Fulatanci da Bacama da Camba. Ganin kowace baƙuwar kalma tana tsayar da ɗalibai, ta hana buɗe ƙamus kafin a kai ƙarshen shafi, ta ɗora su kan gano abin da marubuci bai faɗa ba daga abin da ya faɗa. Ta kira wannan hanya bin sawu, domin mahaifinta kan san saniyar da ta wuce daga sawunta, ba tare da ya gan ta ba. Tambayarta ɗaya ce: me ya nuna maka?

Jarrabawar 1993

A jarrabawar gwaji ta 1993 aka kawo labarin wata mace da ta tsaya a ƙofa tana kwaɗa wa babban yaron gidan kira da sunansa, aka tambayi mece ce ita a wurinsa. 'Ya'yan Numan da Ganye suka rubuta uwa, suka ci. 'Ya'yan Yola Gari kusan dukansu suka rubuta gwaggo, da hujjar cewa uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, sauran amsoshinsu kuma suka bi wannan kuskure. Shugabar makarantar, Malama Edna Zadok, ta ce an koya wa yara canka, ta ba ta wa'adin zango ɗaya, ko sakamako ya gyaru ko a karɓe ajin a koma haddar ƙamus.

Hajja Huseina ta amince cewa yaran sun bi sawu daidai, sai dai sawun gidajensu suka bi. Ta ƙara tambaya ta biyu: wannan a shafi ka gani, ko daga gida ka zo da shi? Ta kuma haɗa kowane ɗan Yola da ɗan Numan ko Ganye a benci ɗaya, ta wajabta su yi gardama kan hujja kafin su rubuta amsa. Zangon ya ƙare aka bar mata ajinta, kuma a 1996 Malama Edna da kanta ta nemi ta koya wa sauran malamai hanyar.

Ritaya da Rasuwa

Ta sauke farali a 2004, ta yi ritaya a 2006, ta ci gaba da karantar da matan unguwa a zaurenta. Ta rasu ranar Alhamis, 14 ga Maris 2019, bayan gajeriyar jinya, aka yi mata salla a Yola, aka binne ta a maƙabartar Damare. Tsofaffin ɗalibanta, Musulmi da Kirista, sun cika layin gidan.

Ta bar 'ya'ya huɗu: Munirat, malamar jinya, Aliyu, manomin shinkafa a Girei, Fa'iza, mai koyar da Turanci a Jimeta, da babbansu Abdulhakeem, wanda ya yi jinyarta har ƙarshe. Shekara arba'in da huɗu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma bai taɓa buƙatar a gaya masa dalili ba.