Gajere da Kifin Cikin Gilashi

Gajere ba gajere ba ne. Dogo ne sambal, sunan ne kawai ya manne masa tun yana goye. Masunci ne ɗan masunci, a bakin gulbi aka haife shi kusa da Tsibiri, kuma ya iya kwanciya a kan gora tun kafin ya iya alwala. Ya san abin da kowane kifi ke so a ƙugiya. Tarwaɗa ba ta raina tana, karfasa a ba ta fara, wani kuma sai buzuzu da aka cire wa fuffuke. Yana da 'yar fadama da yake shuka shinkafa da albasa. Bai yi arziki ba, amma matarsa Kubura ba ta taɓa kaɗa miya lami ba.

Sai aka zo da maganar dam a Bakolori. Aka kawo katafila, aka tare gulbi, ruwa ya hau ya shanye fadama da gidaje da makabarta. Aka kwashe su Gajere aka zube a kan tudu mai tsakuwa, aka ce musu ci gaba ne ya zo. Ya gwada kamun kifi a sabon tafkin, amma ruwan ya yi wa gora zurfi, itatuwan da suka nutse kuma suka yayyage masa koma. Mutumin da ke rabon kifi a unguwa ya koma zaman gindin bango, abin gwanin takaici.

Malami, wani mutumin Garbadu da suka saba a kasuwar Talata, shi ya samo masa aiki. Malami yana kula da lambun furanni a gidan wani Bature injiniya, matar gidan kuma, wadda kowa ke kira Madam, tana da kifaye a akwatin gilashi a falo. Ana neman mai canja musu ruwa da share gida. Ranar da Gajere ya fara ganinsu sai da ya juya baya don kada dariya ta kufce masa. Kifi kamar ɗan yatsa, wani ja wani rawaya, ba a ci, ba a sayarwa, sai kallo! Abincinsu ma a gwangwani yake zuwa, wani abu kamar dusa. Shi da ya taɓa kokawa da giwan ruwa, yau ga shi yana yi wa waɗannan hidima. Ya haɗiye abin, domin aikin nan shi kaɗai ya tsaya tsakanin gidansa da yunwa.

Wani abin haushin, sai ya zo yana son su. Da ya matso sai su taru a jikin gilashi, shi kuma ya yi ta yi musu tsiya ƙasa-ƙasa.

Da Madam da mijinta suka tafi hutu ƙasarsu, gwangwanin ya ƙare. Kukun gidan ya ce bai san inda ake samun wani ba, kuma ba aikinsa ba ne. Kifayen suka riƙa zuwa jikin gilashi suna buɗe baki, Gajere ya kasa jurewa. Da hantsi ya shiga lambu neman abin da zai ba su, sai ga buzuzu masu koren baya zube a gindin furanni, sun kwanta rigingine suna ɗan motsa ƙafa. Waɗanda a da sai ya bi su da gudu, yau ga su a banza. Ya yi hamdala, ya tsince, ya cire fuffuken, ya daddatsa ƙanana ya watsa musu. Suka yi ta wawaso, shi kuwa baki har kunne.

Ina zai sani? A inda ya tashi, toka ake barbaɗa wa shuka idan ƙwari sun dame ta, kuma ƙwaron da ya kwanta rigingine sanyin safiya ne ya kama shi. Kafin azahar kifayen sun fara juyi kamar masu maye. Ya canja ruwa, ya sake canjawa. Kafin la'asar duk sun taso ciki sama. Ya fita a ruɗe ya iske Malami yana wanke tankin feshi.

“Malami, mi ka zuba ma huren ga?”

“Magani ni hesa jiya, Malam Gajere, irin na gonakin noman rani. Mi ya hwaru?”

“Don mi ba ka hwaɗa mani ba?”

“To wa zai ce mutum na ba kihin Turawa buzuzu?”

“Duk wanda anka haiha bakin gulbi,” in ji Gajere, ya zauna daɓas a ƙasa.

Bai gudu ba. Tsoronsa kada a ce sayar da su ya yi, don haka ya yi abin da kowane masunci ke yi wa kifin da ya mutu: ya farke su, ya sa gishiri, ya shanya a rana. Ranar da Madam ta dawo ya jera su a faifai, ya durƙusa ya miƙa mata dukiyarta ba ko ɗaya da ya ɓata. Ihun da ta yi har maigadi sai da ya sheƙo. Ta yi kuka da hawaye shaɓe-shaɓe, tana magana kuku yana fassarawa.

“Ta ce an ce mata kai masunci ne, ashe ba ka san komai a kan kifi ba. Ta ce ka haƙa rami a gindin furen can a binne su, sannan ka kama gabanka.”

Ya karɓi fartanyar Malami ya haƙa. Madam ta naɗe kifayen a farin ƙyalle, ta sa su da hannunta, ta ɗora fure a kai. Shi ya mayar da ƙasa, ya daddanna.

Daga nan dako ya koma yi a kasuwar Talata har ƙarfinsa ya ƙare. Amma abin da Kubura ta fi tunawa shi ne yammacin ranar da aka binne kifayen. Ya shigo da ƙasa a hannu, ta kawo ruwa ya ƙi sha.

“Malam, lahiya? Wa ya rasu?”

“Kihi, Kubura. Likkahwani sunka yi masu, ni ni gina kabarin.” Ya daɗe yana kallon wajen tafkin. “Na Baba da na Inna suna can ƙarƙashin ruwa, ba wanda ya ce mani ko sannu.”