Gawon Bakin Fili

Wata Juma'a bayan la'asar, a bazarar shekarar da na shiga aji shida, muka tarar an sare gawon da ke bakin filin ƙwallonmu na Sandamu. Kututturen yana ta ƙamshin ɗanyen itace, Inna Yalwa mai fura kuma tana tsaye da ƙwarya a ka, tana dubansa kamar an nuna mata kabarin ɗan'uwanta.

A inuwar gawon nan take zama kullum, ita da 'yarta Rabi. Takan tona yashi ta yayyafa masa ruwa, ta dasa ƙwaryar a ciki ta rufe da faifai, sai nono ya kai magariba da sanyinsa. Mukan taso daga ƙwallo ƙafa duk ƙaya, mu durƙusa a dama mana fura, wata rana har da kwaɗon zogale. "Sha a hankali, ɗan nan, ba tsere ake ba," in ji Inna. Ni kuwa ba fura kaɗai ke kai ni ba. In Rabi ta miƙo mini ludayi tana sunkuyar da kai, sai in ji kamar farin wata ya sauko ya zauna a ƙirjina.

Katanga aka ja a wurin, da shaguna. Inna ta gwada zama a rana, nono ya riƙa tsinkewa kafin a tashi wasa. Ta nemi gurbi a shagunan, aka ce sai abin leda ko na kwalba, don shi ba ya lalacewa ko babu wuta. "To, ni saniyata zan zuba a kwalba?" ta ce, da dariyar da ba ta kai ciki ba. Damina na faɗuwa suka koma rugarsu wajen Mashi. Ban ƙara ganin Rabi ba.

Yanzu ɗana Sadiku ke buga ƙwallo a filin. Yana fitowa harshe jawur da lemon kwalba, biskit cike da aljihu, tuwo ma ba ya iya ci. Rannan na dama masa fura da hannuna na kai masa a gora. Babu inuwar da zan ajiye ta, kafin a tashi ta yi tsami. Ya shinshina, ya waiga, ya ce, "Haba Baba, abokaina na kallo fa."

Na zagaya bayan katanga, daidai inda gawon yake a da, na tsiyaye furar. Ƙasar ce kaɗai ba ta manta da ɗanɗanonta ba.