Motar Idris Tana Jan Dama

Idris mutumin Nahuce bai taɓa mallakar wani abin kirki ba sai a-kori-kurarsa. Da ita yake kwasar dawa da gero daga ƙauyukan Bungudu zuwa Gusau, ran kasuwa ya zarce Tsafe. Ita ce gonarsa, ita ce cin gidansa. Ga shi da taurin kai, ko ƙanensa bai taɓa bar wa sitiyari ba. Matarsa Adama kan ce da motar na cin tuwo, ita za a fara zuba wa.

Shekara biyu bayan an yanko Zamfara daga Sakkwato, motar ta soma jan dama. Yana cikin tafiya sai ya ji taya ta sauka daga kwalta. Ya kai ta garejin Attahiru, tsohon bakanikensa a Gusau. Attahiru ya auna iska, ya musanya tayoyin gaba, ya ja zare daga ƙafar baya zuwa ta gaba ya saita su. Sati bai zagayo ba Idris ya dawo yana faɗa, wai an yi masa aikin ha'inci.

Attahiru ya ce su fita su gwada ta. Da ƙyar ya karɓi makulli daga hannun Idris, suka hau hanyar Bungudu. Da suka samu miƙaƙƙen titi ya saki sitiyari, motar ta tafi sambal. Ya tsaya ya mayar wa Idris kujerarsa, ya bar kallon hanya ya koma kallon direba. Hannun dama ya damƙe sitiyarin yana rinjayarsa, na hagu kuwa a aje kawai yake, yatsun ko lanƙwashewa ba su yi ba.

"Tsaya nan, Malam Idi," in ji Attahiru. Ya miƙa masa hannu biyu. "Matse min su da ƙarhi."

Idris ya matsa. Na dama ya riƙe, na hagu ya zame.

"Motag ga lahiyatta lau," in ji Attahiru a hankali. "Asibiti za mu tahi."

Idris ya daɗe yana duban hannun. Tun damina buta ke suɓuce masa wajen alwala, bai gaya wa kowa ba. Tsoro ya kama shi, don bai iya wata sana'a ba.

"Ka sake duba ta," ya ce, ya kawar da fuskarsa. "Wataƙila akwai abin da ba ka gani ba."

Attahiru bai musa ba. Ya fita ya kwanta ƙarƙashin motar, ya daɗe yana ƙwanƙwasa lafiyayyen ƙarfe, har sai da ya daina jin shessheƙar abokinsa.