Pizar da ta raba ni da aminina

A ƙarshen shekarun 1980 ni matashin ma'aikacin gwamnati ne a Kano, mai surutu da son a ce na sani. Aka tura ni kwas na mako uku a London, na sauka wajen aminina da muka taso unguwa ɗaya, wanda ya tafi can karatu, a wani ƙaramin gidan haya a unguwar Thamesmead. Shekara huɗu yana rubuto mana cewa aikin ofis yake yi a unguwar Aldwych. A wata wasiƙa ma ya taɓa kwatanta mini wani gidan piza, wato gurasar Turawa mai cuku, kusa da ofishinsu, ya ce duk garin an san shi, sai an bi layi ake samun kujera.

Tun da na sauka nake matsa masa ya kai ni. Yau ya ce aiki ya yi yawa, gobe ya ce cukunsu zai ɓata mini ciki. Wata Laraba aka tashe mu daga kwas da wuri, sai na hau bas ni kaɗai, na yi ta tambaya har na gano wurin. Na ce a ba ni wadda babu nama. Aka kawo ta da zafinta, cuku yana narkewa a kan tumatir. Na ci yanka biyu ke nan sai na ji farantai sun tarwatse a kicin. Ƙofa ta buɗe, sai ga aminina durƙushe, hannuwansa jiƙe da kumfa, yana tsince fasassun tangaran, mai wurin na tsaye a kansa yana zazzaga masa masifa a gaban jama'a. Muka haɗa ido.

Da ya dawo gida bai ɓoye mini komai ba. Ya ce tallafin karatunsa ya yanke tun shekara ta biyu, da wanke-wanken nan yake ƙarasa karatu, da shi kuma yake aika wa mahaifinsa magani. Ya roƙe ni don Allah in rufa masa asiri. Na rantse masa.

Da na koma Kano, wata biyu na riƙe sirrin. Ranar wani suna, abokai suka yi ta yabonsa, wani ya ce ai ya wuce sa'anmu, sai kishi ya ɗebe ni na faɗa. Aka yi dariya, har da ni. Cikin mako guda zancen ya kai gidan yarinyar da zai aura, wadda har an sa musu rana, iyayenta suka mayar da kaya. Na je na ba su haƙuri, suka ce ai ba ƙarya na yi ba. Mahaifinsa ya aika aka kira ni, ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na sunkuyar da kai. Tsohon ya ce da ya so ya ji daga bakin ɗansa, don ya sa masa albarka. Wasiƙa uku na rubuta wa aminina, duk suka dawo mini a rufe. Na ji yanzu yana Edmonton da iyalinsa.

Na daɗe ina gaya wa kaina ai shi ya fara ƙarya. Amma shi kunya ce ta sa shi, ni kuwa hassada. Jama'a, wanda ya sauke ku a ɗakinsa ya ba ku amanarsa, ku riƙe bakinku. Wanke faranti bai zubar da mutuncin aminina ba, ni na zubar da nawa, kuma har yau ban samu wanda zai kai masa ban-haƙurina ba.